Kalmar "Surrender" da 'Yarta "Saranda": Asali da Ma'ana

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibi yakan ɗauka cewa idan Hausa ta ari kalma daga Ingilishi, to ta aro ta ne da dukkan ma'anoninta. Wannan takarda za ta nuna ba haka abin yake ba, ta hanyar nazarin kalmar "surrender" da kuma "saranda" wadda Hausa ta samu daga gare ta.

2.0 Asalin Kalmar

Ita kanta "surrender" baƙuwa ce a Ingilishi. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana zaman harshen fada da kotu. Ta wannan ƙofa kalmar ta shigo a ƙarni na 15. Sassa biyu gare ta: "sur", wato bisa, da "rendre", wato mayar da abu. Shi kuma "rendre" ya fito ne daga "reddere" na Latin. Ke nan tushen kalmar shi ne miƙa abu ga wani. Lauyoyi ne suka fara amfani da ita wajen zancen mayar da fili ko sakin wani haƙƙi, daga baya ta shahara a fagen yaƙi.

3.0 Shigowarta Hausa

Ma'anar da "saranda" take ɗauke da ita ta sanya ta cikin rukunin kalmomin bariki, irin su soja da saje da kofur da fareti. Tarihin Kumasi yana nuna irin muhallin da waɗannan kalmomi suka ratso. Akwai sojojin Hausa a rundunar da Turawan Ingila suka shiga garin da ita a watan Janairu na 1896, lokacin da Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, ya miƙa wuya ba tare da an gwabza ba. Bayan wannan, da kuma yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, Zangon Kumasi ya bunƙasa da fatake da tsofaffin sojoji, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su, a bariki da kasuwa.

Ta fuskar furuci, a lura cewa Baturen Ingila ba ya furta "r" ta ƙarshen kalmar. Abin da kunnen Bahaushe ya ji wasali ne, sai ya mayar da shi "a". Haka aka yi wa direba da kafinta da tela da lauya. Ta fuskar nahawu kuwa, kalmar ta zama suna, saboda haka sai an jingina ta da aikatau "yi": ana cewa "ya yi saranda".

4.0 Ma'anoni da Fassara

A Ingilishi kalmar tana da aƙalla ma'anoni huɗu, kowace da takwararta a Hausa:

(a) Ajiye makami a gaban abokin gaba: yin saranda, miƙa wuya, saduda.
(b) Kai kai ga hukuma: "Ya miƙa kansa ga 'yan sanda."
(c) Ba da abin da ke hannu bisa umarni: "Kotu ta ce ya miƙa fasfonsa."
(d) Sallamawa ta zuci: "Ta sallama al'amarinta ga Allah."

Ma'ana ta farko kaɗai "saranda" ta ɗauko. Wannan shi ake kira taƙaituwar ma'ana. Tafintan da ya ce wa wanda ake tuhuma "ka yi sarandar fasfonka" bai isar da umarnin alƙali ba, kuma kuskuren yana iya jawo wa mutumin tsarewa. Haka nan, ba a cewa mumini ya yi wa Ubangijinsa saranda.

Ko a ma'anar farko akwai bambancin matsayi. "Saranda" ta fi dacewa da hira da wasa, "miƙa wuya" kuma da rubutun tarihi da labarai. A kacici-kacici kuwa, wanda ya kasa amsa cewa yake yi "na ba ka gari".

5.0 Kammalawa

Kamannin furuci ba hujja ba ne a fassara. Kafin ɗalibi ya zaɓi kalma, ya tambayi kansa: me aka miƙa, wa aka miƙa wa, kuma bisa tilas ne ko bisa yarda?