Ɗorewar Shafen Maiko a kan Ƙarfen Titaniyam da Ake Ɗora Ƙashi da Shi

A cikin wannan takarda za mu duba abin da ke sa shafen maiko ya zauna ko ya goge daga jikin ƙarfen da likitoci ke dasa wa wanda ya karye. Mun ɗauki karkarar arewacin Kano, watau kewayen Bici da Ɗambatta da Minjibir, inda gonaki suka haɗe da juna, mutane suka yi yawa, babur kuma ya zama abin hawan kowa. Manomin da ya karye a nan galibi wurin maɗori yake fara zuwa. In har ya isa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, to sau da yawa kwanaki sun shige, kuma idan ƙashin ya huda fata, ƙwayoyin cuta sun riga sun sami ƙofa.

Titaniyam ɗin da aka fi amfani da shi gauraye ne da alminiyam kashi 6 cikin 100 da banadiyam kashi 4. Da zarar ya sha iska sai wani ɓawo mai kaurin 'yan nanomitoci ya rufe shi, wanda ke hana shi tsatsa. A 1952 Baranemak na ƙasar Suwidin ya lura ƙashin zomo yana manne wa titaniyam ƙam. Amma kamar yadda Giristina ya nuna a 1987, tsere ake yi a kan ƙarfen tsakanin ƙwayoyin jikin majiyyaci da ƙwayoyin cuta. Idan na cuta suka riga, sai su yi wa kansu rufi mai yauƙi wanda magani ba ya ratsawa sosai, wani lokaci sai an ciro ƙarfen.

Don haka aka yi tunanin shafa masa fosfolifid, watau irin maikon da tantanin ƙwayoyin jikinmu ya ƙunsa. Ana so ya kwanta ninki biyu, kaurinsa kamar nanomita 5, domin jiki ya ɗauki ƙarfen a matsayin nasa, kuma ana iya cusa maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Maƙeri yakan shafa wa wuƙa mai, uwargida ma takan shafe kaskon ƙarfe da man gyaɗa kada ya yi tsatsa, dukansu kuwa sun san sai an riƙa maimaitawa. Ƙarfen da ke cikin cinyar mutum ba shi da wannan gata.

Matsala ta farko tun wajen shafawar take. A kan gilashi, ƙulle-ƙullen maikon sukan fashe da kansu su shimfiɗu. A kan ɓawon titaniyam kuwa sukan zauna ɗungum ba su fashe ba, sai an haɗa da kalsiyam da wani maiko mai suna fosfatidilserin. Ko ya shimfiɗu, ba ɗaure yake da ƙarfen ba, a kan ɗan siririn ruwa yake kwance, iska tana taɓa shi sai ya yage. A cikin jiki kuma akwai sinadarai masu sassara maiko, ga gogayya sa'ad da likita ke murɗa ƙusa cikin ƙashi.

A ganinmu, abin da ya fi shafarmu shi ne ajiya. Akwai irin maikon da iska ke ɓata shi, kamar yadda man gyaɗa ke yin wari idan ya daɗe a kwalba. Mai taurin kuwa, wanda ake kira DPPC, idan yana cikin ruwa yakan saki daga ma'aunin zafi 41. Zafin jikin mutum 37 ne, saboda haka a ƙasashen sanyi wannan tazara ta wadatar. Amma a Kano, cikin Afrilu, zafi yakan wuce 40 ko a inuwa, balle cikin mota ko ɗakin kwano da wuta ta ɗauke. Tukunyar tururin da asibiti ke tsarkake kayan aiki da ita kuwa 121 take kaiwa, kuma irin wannan shafe ba ya fita daga cikinta lafiya.

An gwada ɗaure maikon ga ɓawon ƙarfen da sinadarin fosfonet, an kuma gwada saƙa shi ya zama dogon zare, kamar MPC da Ishihara da abokan aikinsa suka inganta a Japan a 1990. Waɗannan sun fi jure wanki da bushewa, sai dai shafen da aka ɗaure tamau ba ya motsi irin na tantanin jiki. Muna ba da shawara duk wanda zai auna ɗorewar shafe a jami'o'inmu ya fara ajiye ƙarfen na tsawon bazara guda a zafin ɗaki irin namu, ya murɗa ƙusar cikin ƙashin saniya daga mahauta, sa'an nan ya auna abin da ya saura.