Kwana a Gindin Mota Cikin Duwatsun Abzin

Wanda bai taɓa wuce Agadas ya nufi arewa ba yakan ɗauka hamada rairayi ce shimfiɗe har iyakar gani. Da ka bar garin, ka ba hasumiyar babban masallacinsa baya, wadda tsayinta ya kai mita 27, sai ƙasa ta fara tashi, baƙaƙen duwatsu su tare gabas. Abzin ke nan, ƙasar da ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Nijar take, a tsaunin Bagzan, mita 2,022. A cikin lungunan waɗannan duwatsu akwai garuruwa masu lambu da rijiya: Tabelot, Timiya, Iferwan.

A nan direbobi ba sa auna tafiya da kilomita. Daga Agadas zuwa Timiya kilomita ɗari biyu da 'yan kai ne, abin da mai mota zai cinye kafin azahar a kan kwalta, amma a Abzin wuni guda ne, wani lokaci har da kwana. Hanyar takan hau tsakuwa mai kaifi ta sauka cikin korama, ta bi cikinta na ɗan lokaci, ta sake hawa dutse. Shi ya sa motar da ake shiga da ita ita ce mai jan ƙafa huɗu, wadda mutanen Nijar ke kira kat-kat, galibi Land Cruiser ko Hilux. Safaya biyu, shebur, jak, jarkokin mai da na ruwa, kayan faci, ba a barin ko ɗaya a gida. In an shiga rairayi a rage wa taya iska don ta baje, in an fito kan dutse a mayar, domin tayar da ba ta da iska dutse ke yaga ta daga gefe. Kuma masu hankali ba sa shiga da mota ɗaya.

Amma abin da ya fi bukatar faɗakarwa shi ne wurin kwana.

Rana ta yi gora, jiki ya gaji da jijjiga, sai ga korama busasshiya: rairayi mai laushi kamar katifa, ga inuwar bagaruwa da goriba, ga gaɓa tana kare iska. Duk baƙo nan zuciyarsa za ta kwanta. Jagoran da ya san ƙasar zai ce a hau tudu, ko da kuwa tsakuwa ce za a share kafin a shimfiɗa tabarma. Dalilinsa shi ne dutse ba ya shan ruwa. Daga Yuli zuwa Satumba, in hadari ya zuba a kan tsauni mai nisa, ruwan duka yakan gangaro ya taru cikin korama, ya taho da duwatsu da kututture, alhali a inda kake kwance taurari ne fal a sama, ko ɗigo bai sauka ba. Mutanen Agadas ba su manta da Satumban 2009 ba, lokacin da koramar Telwa ta ɓalle ta shiga gari ta rusa dubban gidaje. Koramar da ta yi wa birni haka, mota guda a cikinta ba a bakin komai take ba. Haka nan in ka tarar da korama tana gudu, kashe mota ka dafa shayi. Sau da yawa cikin 'yan awowi ruwan ke janyewa.

Da hunturu kuwa, wanda shi ne ainihin lokacin tafiya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sanyi ne abokin gaba. Mutumin da ya wuni yana gumi cikin mota zai tashi da asuba yatsunsa sun ƙage, don a kan tuddai sanyin yakan kusa daskarar da ruwa. Bargo biyu ba su yi yawa ba. A juya motar ta tare iska, a kwanta a gefenta, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Gawayi kuma a zo da shi daga gari. Itacen da ake gani tsaye a bakin korama ya ɗauki shekaru kafin ya kai haka, kuma shi ne abincin raƙuma da awakin mutanen wurin. Babban ɓangare na yankin yana cikin gandun Abzin da Tenere da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991.

Ladan wahalar yana Timiya. Bayan wuni cikin baƙin dutse, sai ido ya faɗa kan kore: lemo, rumman, dabino, da ruwa mai zubowa daga dutse kusa da gari. A wasu lambunan har yanzu raƙumi ke jan guga daga rijiya, ko da yake injin ban-ruwa ya yawaita. Tabelot kuma albasa ce arzikinta, manyan motoci ke kwasar ta zuwa kudu. Baƙo Bahaushe ba zai rasa abokin hira ba, don Abzinawa da yawa suna jin Hausa. Kakanninsu sun daɗe suna kai gishirin Balma kasuwannin Kano da Damagaram. Sai dai rijiya tana da masu ita. A yi sallama, a nemi izini kafin a cika jarka, kada kuma a wanke kaya da sabulu a tafkin da dabbobi ke sha.

Maganar tsaro ba ta ɓoyuwa. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyi ya kuma karya harkar yawon buɗe ido, daga baya neman zinariya ya jawo 'yan fashi. Don haka kafin a tashi daga Agadas sai a sanar da hukuma, a ɗauki jagora ɗan ƙasa, a bar wa wani a gari sunayen wuraren da za a kwana da ranar da ake sa ran dawowa, domin da an shiga tsakanin duwatsu waya takan daina kamawa.