Daga Fiffiken Kifi Zuwa Ƙafar Doki

Idan mai karatu ya shafa hannunsa tun daga kafaɗa har zuwa yatsu, zai tarar da wani tsari. A damtse akwai ƙashi guda ɗaya. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu akwai ƙasusuwa biyu jere da juna. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8, sannan sai ƙasusuwan tafi da na yatsu. Wannan tsari shi ne a fiffiken jemage da na kaza, da ƙafar gaba ta kwaɗo da ta ƙadangare da ta doki, ko da yake a wasunsu ƙasusuwan sun haɗe ko sun ragu. To me ya sa dabbobin da rayuwarsu ta bambanta haka suka yi tarayya a kan tsari ɗaya? Amsar da masana kimiyyar halittu suka bayar ita ce, dukkansu sun gaje shi ne daga tushe guda, kuma tushen nan a cikin ruwa yake.

Shaidar farko tana cikin duwatsu, inda ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe suka daskare suka zama dutse. A shekarar 2004 wasu masu bincike, cikinsu har da Neil Shubin na Jami'ar Shikago, suka tono wani kifi a tsibirin Ellesmere da ke arewacin Kanada. Suka raɗa masa suna Tiktaalik. Ya rayu kimanin shekaru miliyan 375 da suka wuce. Yana da ɓawo a jiki kamar sauran kifaye, amma kansa a shimfiɗe yake kamar na kada, kuma yana da wuya. A cikin fiffikensa akwai ƙashi ɗaya, sai biyu, sai ƙanana, da gaɓoɓin da za su ba shi damar dogara ƙirjinsa ya ɗaga kai a ruwa marar zurfi.

Wata dabbar kuma mai suna Acanthostega, wadda aka samo a Girinlan, ta zo bayansa da kimanin shekaru miliyan 10. Binciken da Jennifer Clack da Michael Coates na Jami'ar Kambirij suka wallafa a 1990 ya nuna tana da yatsu 8 a kowace ƙafar gaba. Sai dai ƙafafun nan ba su da ƙarfin ɗaukar nauyinta a tudu, kuma tana shaƙar iska a cikin ruwa kamar kifi. Wato ke nan yatsu sun samu tun dabbobin nan suna zaune a ruwa, inda suke amfani da su wajen kutsawa cikin ciyayi da taɓo.

Ba sai mun je Kanada ba kafin mu ga dangin waɗannan halittu. Gaiwa, wadda ake haƙowa daga busasshen taɓon fadama da rani, kifi ce mai huhu, tana shaƙar iska kai tsaye. A 2011 masu bincike a Jami'ar Shikago suka nuna cewa irin gaiwar da ke Afirka ta Yamma tana dogara siraran fikafikanta na baya a ƙasan ruwa, tana tura jikinta gaba da su kamar mai takawa. Nazarin ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2021 kuma ya ƙarfafa cewa, a cikin kifayen da ke raye a yau, kifaye masu huhu su ne mafi kusanci da dabbobi masu ƙafa huɗu. A lura, gaiwa ba ita ce kakar dabbobin tudu ba. 'Yar'uwa ce da ta bi nata reshen.

Fitowa tudu ta zo da babbar matsala, wato nauyi. Ruwa yana tallafar jikin kifi, iska kuwa ba ta tallafar kowa. Saboda haka dole ƙashi da tsoka su ɗauki nauyin jiki, su kuma motsa shi. Tsoka ja kawai take iya yi, ba ta iya turawa. Shi ya sa tsokoki suke aiki bibbiyu. Ta gaban damtse tana lanƙwasa hannu, ta bayansa kuma tana miƙe shi. Kowace tsoka tana manne da ƙashi ta hanyar jijiya mai tauri, ƙashin kuma yana juyawa a kan gaɓa kamar sandar da ake sa wa ƙaramin dutse a ƙarƙashi don a ɗaga babba.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce jijiyar tsokar gaban damtse ta manne a santimita 4 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuma yana santimita 32 daga gwiwar. Nisan tafi ya ninka na jijiya sau 8. Don haka wanda ya riƙe kaya mai nauyin kilo 5 a tafinsa, tsokarsa tana ja da ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo 40. Wannan kamar asara ce, amma akwai riba a ciki. Idan tsokar ta taƙura da santimita 1 kacal, tafin hannu zai motsa santimita 8 a daidai wannan lokaci. An sayar da ƙarfi an sayi sauri.

A kan wannan ciniki ne ƙafafun dabbobi suka bambanta. Dabgi, wanda sana'arsa tonon gidan gara, yana da gajerun ƙafafu masu kauri, kuma ƙashin da ya fito a bayan gwiwarsa dogo ne. Tsokar da ke ja a can tana samun ƙarfin fasa ƙasa mai tauri, amma ba a yin tsere da irin wannan ƙafa. Doki ya ɗauki ɗaya ɓangaren. A kan ƙarshen yatsa guda yake tsaye, wato na tsakiya, kofato kuwa farcen yatsan ne. Abin da muke kira gwiwa a ƙafarsa ta gaba daidai yake da wuyan hannunmu. Manyan tsokokinsa suna tattare a sama kusa da gangar jiki, ƙasan ƙafar kuma ƙashi ne da dogayen jijiyoyi, don haka ba ta da nauyin wurgawa. Jijiyoyin nan suna miƙewa idan kofato ya taɓa ƙasa, su kuma dawo kamar roba, su mayar da wani kaso na ƙarfin da aka kashe. Raƙumi da barewa ma haka suke, sai dai su a kan yatsu biyu suke tafiya.

Girman jiki shi ma yana da tasa doka, wadda Galileo ya bayyana tun a 1638. Idan aka ninka tsawon dabba da faɗinta da kaurinta sau 2, nauyinta zai ninku sau 8, amma faɗin ƙashin da ke ɗauke da nauyin sau 4 kawai zai ninku. Wannan ne ya sa ƙafafun giwa suke a miƙe kamar ginshiƙan soro, alhali ɓera yana gudu da ƙafafu a lanƙwashe ba tare da wata illa ba.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai duk wannan ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A samo fiffiken kaza a feɗe shi, a ƙirga ƙasusuwan: ɗaya a sama, biyu a tsakiya, sai ragowar yatsu da suka haɗe a ƙarshe. Sannan a ɗauki ƙafar kazar a ja farar jijiyar da ta leƙo a wurin yanka, za a ga yatsun sun dunƙule. Daga nan kowane ɗalibi ya auna nisan jijiyar damtsensa da na tafinsa daga gwiwar hannu, ya lissafa ƙarfin da tsokarsa take bayarwa duk lokacin da ya ɗaga jakar littattafansa.