BARKONO KO BINDIGA?

A ƙasar Gumel, tun daga Sule Tankarkar har zuwa Gagarawa da Maigatari, in aka tambayi mutum abin da zai riƙe don tsoron mugun naman daji, ba shakka bindiga zai ce. Mu kuwa muna so malamai su dubi wani bincike da aka yi a Alaska, can arewacin Amurka, domin ya nuna ba kullum maganar take haka ba.

A ƙasar nan akwai wata dabba da ake kira beya, mai gashi da manyan farata. Wani babban namijin yakan kai nauyin bijimin sa, amma duk da haka ta fi mutum gudu nesa ba kusa ba. Masu shiga daji suna kāre kansu da abu biyu: ko bindiga, ko wani gwangwani mai fesa ruwan barkono, wanda yakan kai kamar ƙafa 30.

Waɗansu masana biyu, Tom Smith da Stephen Herrero, tare da abokan aikinsu, sun bi labarun gamuwar mutane da dabbar nan. A 2008 suka buga sakamakon gamuwa 83 da aka yi daga 1985 zuwa 2006. A cikin waɗanda aka fesa barkono kurkusa, mutum 98 cikin ɗari sun tsira ba ko ƙwarzane. A 2012 kuma suka buga na masu bindiga, gamuwa 269 daga 1883 zuwa 2009. A nan an ji wa mutane rauni a fiye da rabi, kuma wanda ya harba da wanda bai harba ba, rauninsu kusan ɗaya ne.

Lalle lissafin biyu ba daidai suke ba, gama akan fi ba da labarin harbi in an zub da jini. Amma dalilin a fili yake. Dabbar da ta taso wa mutum ba ta ba shi damar saiti. Hannu na rawa, harsashi ya kauce, ko kuwa ya same ta inda ba makasa ba, ta ƙara fusata. Barkono kuwa bazuwa yake yi kamar hayaƙi, ya shiga ido da hanci, dabba ta juya. Aibinsa shi ne iska tana iya komo da shi kan mai fesawa. To, amma wanda barkono ya shiga wa ido ya warke a yinin nan, wanda harsashi ya samu bisa kuskure fa?

Mu nan ba mu da beya, kura ma ta yi ƙaranci. Sai dai bindigar harba-ruga da maharbanmu ke taƙama da ita sau ɗaya take tashi, in albarushi ya jiƙe da damina ma ba ta tashi sam. Manoman Zambiya da Zimbabwe kuwa sun daɗe suna korar giwa daga gona da hayaƙin barkono.

Saboda haka muna roƙon malamai su koya wa yara cewa abin da ake bukata shi ne a rabu da dabba lafiya, ba lalle sai an kashe ta ba. A gyara shingen garke, a hura wuta, a yi tafiyar dare cikin ayari. Rigakafi ya fi magani.