Alhassan Ɗantata: Fatauci, Amana da Hidimar Jama'a

An haifi Alhassan Ɗantata a garin Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, wato rukunin fatake da suka shahara wajen safarar goro daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa, kuma kakanninsa daga ƙasar Katsina suka yi ƙaura zuwa Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, wato jagoran ayari, amma ya rasu tun Alhassan yana yaro, sai wata baiwa mai suna Tata ta ci gaba da renonsa, wadda daga gare ta ya samo laƙabin da duniya ta san shi da shi.

Abin da ya bambanta shi da sauran fatake shi ne saurin gane cewa zamani ya juya. Maimakon tafiyar watanni da jakuna, sai ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara zuwa Legas, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa. Tsarinsa ya ginu ne a kan amana, domin yakan ba yaransa jari su shiga kasuwannin ƙauye su sayi gyaɗa a hannun manoma, a auna, a ɗinke buhuna, a ɗauko su a bayan raƙuma zuwa Kano, inda ake jera su hawa-hawa har su zama dalar gyaɗa. Lokacin da wani bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin ya kai ajiya.

Duk da wannan arziki, bai ware kansa daga jama'a ba, gama ya zauna a majalisar Sarkin Kano yana ba da shawara, ya ciyar da mabuƙata, ya tallafa wa malamai, ya kuma ɗauki nauyin maniyyata aikin hajji. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, ya bar 'ya'ya irin su Sanusi da Aminu waɗanda suka faɗaɗa kasuwancin, kuma ta wajen Sanusi ne Aliko Ɗangote ya zama tattaɓa-kunnensa.