Mai Fili Da Mai Mota: Wa Ke Da Ikon Cin Tara?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A Kano, musamman ranar Juma'a a kewayen masallatai, ko a gefen Kantin Kwari da Sabon Gari, ana yawan rigima kan ajiye mota. Mutum ya faka a harabar shago ko filin wani, kafin ya dawo an sace masa iskar taya, ko an cire lambar motar, ko an ɗaure ta da sarƙa, an ce sai ya biya tara. Shin mai fili yana da wannan iko?

Da farko a bambance wuri biyu. Titi na jama'a ne, ko da ya bi ta ƙofar gidanka, kuma kula da shi aikin hukuma ne, irin su 'yan sanda da KAROTA da aka kafa a 2012. Cikin harabarka kuwa haƙƙinka ne. Wanda ya ajiye mota a ciki ba da izininka ba ya yi laifi a shari'a da doka, ko da sallah ya tafi.

Mai fili yana da damar sa shinge ko maigadi, ya hana shiga. Ya halatta kuma ya karɓi kuɗin ajiye mota, domin haya ce. Sharaɗin haya shi ne a san kuɗin da tsawon lokacin tun kafin a shiga, ta allon sanarwa a wurin da ido zai gani, ko ta bakin maigadi. Kuɗin da aka yanka bayan mutum ya dawo ba haya ba ce, tara ce.

Tara kuwa hukunci ne, kuma malamai sun bar hukunci a hannun shugaba da alƙali. Wanda ya lalata taya ko fenti sai ya biya. Wanda ya riƙe mota ya hana mai ita ya shiga babin ƙwace, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora wa mai ƙwace lamunin abin da ya ƙwace. Ƙa'idar fiƙihu ita ce ana kawar da cuta, amma ba da wata cutar irinta ba.

Dokar Najeriya ma ba ta yarda mutum ya zama alƙalin kansa ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin Legas kan fitar da Ojukwu daga wani gida da ƙarfi alhali magana tana kotu. Abin da aka hana gwamnati, ina ga mai shago?

Ingila ta raba abin gida biyu. Daga 1 ga Oktoba 2012 ɗaure tayar mota ko janye ta a filin mutum ba da ikon doka ba ya zama laifi. Amma a 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta amince da cajin fam 85 ga wani direba da ya wuce awa biyu na kyauta, domin an rubuta sharaɗin a fili.

Saboda haka, idan an tare maka ƙofa, fara neman mai motar, ko ta lasifikar masallaci. Ɗauki hoto, kafa shaidu, kai ƙara ga mai unguwa ko 'yan sanda. Idan ka yi asara, kotu ce za ta karɓo maka diyya.

Kwamitocin masallatai su tanadi 'yan agaji masu tsara motoci. Kai kuma mai mota, hadisin Abu Sa'id al-Khudri a Bukhari da Muslim ya lissafa kame cuta cikin haƙƙoƙin hanya. Ƙofar da ka tare, wataƙila akwai mai naƙuda a bayanta.

Allah ne Mafi sani.