Tiyatar Rage Ƙiba da Ciwon Suga: Me Aka Gani Bayan Shekaru?

Shirinmu na yau zai duba tiyatar rage ƙiba, da abin da take yi wa ciwon suga nau'i na biyu, wanda galibi yakan zo wa mutum bayan ya girma, musamman mai teɓa.

Tiyata iri biyu aka fi yi a duniya. A ta farko, likita yakan yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi ya cire, ya bar ɗan siriri mai siffar ayaba. A ta biyu kuwa, yakan ware 'yar jaka a saman tumbin ya haɗe ta da ƙaramin hanji, sai abinci ya riƙa tsallake ragowar tumbin da farkon hanjin. Mu kira su yankan tumbi da sauya hanya.

Abin da ya ja hankalin likitoci shi ne, sau da yawa suga kan sauka cikin 'yan kwanaki, tun jiki bai fara zubewa ba. Ƙarancin ci yana da hannu a ciki, haka ma wani sinadari da hanji ke fitarwa mai suna GLP-1, wanda ke zaburar da jiki ya samar da insulin. Bayan tiyata GLP-1 yakan ƙaru sosai. Aikinsa ne allurar ciwon suga ta Ozempic ke kwaikwaya.

To wacce tiyata ta fi? A asibitin Cleveland Clinic na Amurka, Dakta Philip Schauer da abokan aikinsa sun raba masu ciwon suga 150 gida uku: masu magani zalla, masu yankan tumbi, da masu sauya hanya. Sakamakon shekara biyar ya fito a 2017. Waɗanda sugansu ya sauko matakin da ake nema sun kai kashi 29 cikin 100 a masu sauya hanya, kashi 23 a masu yankan tumbi, kashi 5 kacal a masu magani zalla. Nauyin jiki ma ya bi wannan sahu: ya ragu da kashi 23, da 19, da 5. Tsakanin tiyatar biyu ratar kaɗan ce. Tsakaninsu da magani kuwa, tazarar ba ta ɓoyuwa.

Amma ku saurari binciken ƙasar Suwidin, inda aka fara bin dubban masu ƙiba tun 1987. Shekara biyu bayan tiyata, ciwon suga ya kwanta wa kashi 72 cikin 100 na masu shi. Da aka kai shekara 15, kashi 30 ne suka rage a haka. Shi ya sa ba na jin daɗi in ji ana tallata tiyatar nan da sunan warkewa. Ciwon yakan lafa, kuma lafawar tana da amfani, domin an ga raguwar lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi, sai dai yana iya dawowa. Waɗanda suka fi dacewa su ne waɗanda ciwon bai daɗe a jikinsu ba.

Kowacce tiyata da nata nauyin. Yankan tumbi yakan tayar da ƙwannafi ko ya tsananta shi. Sauya hanya ta fi jawo ƙarancin jini da na bitamin B12 da sinadarin ƙarfin ƙashi, wani kuma da ya sha zaƙi sai jiri da gumi da bugun zuciya. Shan bitamin da gwajin jini sun zama na har abada.

Nan damuwata take game da masu zuwa Indiya ko Masar ko Turkiyya a yi musu aikin. Kafin ka sayi tikiti, ka san likitan da zai riƙa duba ka in ka dawo gida. Ka kuma tambaye shi batun azumi, domin tumbin da aka rage ba ya ɗaukar ruwa mai yawa lokaci guda a sahur, kuma adadin maganin suga da kake sha kafin tiyata yana iya yi maka yawa bayanta.